Ruwan Wankin Agogo

Babanmu mai gyaran agogo ne, shi ya sa babu wanda ya tsira da sunansa na gaskiya a gidanmu. Yayana shi ne Awa, don sai ka zuba masa ido ka gaji kafin ka ga ya motsa. Yayata da ta yi aure ta tafi, ita ce Minti. Ni ne Sakan. Baba ya ce tun ina rarrafe ba a taɓa samuna a inda aka ajiye ni ba. Makaranta ma aji uku na sakandare na yi na ce ta ishe ni. Na yi gareji, na yi shagon waya, na yi fenti, sai da na hau babur ina kai saƙo gida-gida sannan na samu aikin da babu zama a cikinsa.

Shagon Baba ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, mutum biyu ba sa juyawa a ciki sai sun nemi gafarar juna. Teburi ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, durowoyi goma sha biyu cike da sifirin da gilasai da ƙusoshin da ba su kai ƙwayar yashi ba, sai agogunan bango guda bakwai da ba su taɓa yarda da juna ba. Shekara arba'in da ɗaya yana buɗe kwaɗon ƙofar nan ƙarfe takwas daidai.

Bara ne abubuwa suka fara zame masa. Ya ba wani direba agogon wata malamar makaranta. Ya tafi gida ya bar shago a buɗe, sai mai ɗinkin takalman gefe ne ya kira ni. Wata rana da rana tsaka na same shi da madubinsa na ƙara girman abu maƙale a ido, hantsaki a hannu, yana gyangyaɗi. Da ya farka ya daɗe yana kallona kafin ya gane ni.

Babu wanda ya faɗi abin da ke ransa, amma duk Baffa muke tunawa, yayan Baba. Ciwon mantuwa ya kwashe shi kaɗan-kaɗan, har ya kai yana gaishe da matarsa kamar baƙuwa, yana tambayarta ko ta zo lafiya.

Yaya Awa ya ce a rufe shago. Ya ɗauki wata biyu kafin ya faɗa, amma da ya faɗa bai janye ba. Muka kai Baba wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ya yi masa tambayoyi, ya sa shi zana agogo a takarda, Baba ya zana har da hannun sakan, ya tambayi Likita ko yana son da ƙararrawa. Amma kalmomi biyar da aka ce ya riƙe, biyu kawai ya dawo da su. Aka gwada jini, aka ɗauki hoton kai. Likita ya ce a kawo duk magungunan da yake sha, Umma ta kawo jakarta ta zazzage a teburi, babu abin zargi. Daga nan ya ce saura gwaji ɗaya: a ɗebi ruwan laka, wato ruwan da ke zagaye ƙwaƙwalwa ya gangaro ta ƙashin baya, a auna wasu sinadarai da ake kira furotin a cikinsa. Ya ce su ne za su nuna ko irin ciwon Baffa ne.

A hanyar gida Baba ya ciro makullin shago daga aljihu ya kaɗa shi a gaban Yaya.

"In takarda ta ce ciwon Baffanku ne, da hannuna zan ba ka wannan. In ba ta ce ba, kada wanda ya sake yi mini maganar zaman gida. Uwargida, ke ce shaida."

"Ni shaida ce," in ji Umma. "Amma ka daina kaɗa shi, sai ya faɗi ka ce mu muka ɓoye."

Ranar ɗibar ruwan, ni aka bari na shiga. Ɗakin ƙarami ne, gado ɗaya da labule shuɗi. Aka kwantar da Baba a gefensa, ya haɗa gwiwa da haɓa kamar mage a kan tabarma. Nas ta shafa masa magani mai ruwan ƙasa a baya, Likita ya laluba tsakanin ƙasusuwa da babban yatsa, ya yi allurar kashe zafi, sannan ya ɗauko doguwar. Na juya kai.

"Sakan," in ji Baba, fuskarsa a matashi, "yaushe za su fara?"

"An riga an shiga, Baba."

"To wannan ya iya aiki. Ka tambaye shi ko ya taɓa buɗe agogo."

Ni na ɗauka abin da zai fito mai kauri ne, mai duhu. Sai na ga ruwa garau kamar na sama, yana ɗiga ɗaya bayan ɗaya cikin wata 'yar roba mai murfi. Duk abin da muke tsoro, wai yana cikin wannan ɗan ruwan da bai kai cokali biyu ba.

Asibitin ba su da na'urar auna ruwan. Sai an kai wani ɗakin gwaji a can ƙarshen gari, motar da ke kai musu kaya kuwa sai jibi. Na ce kai saƙo ai sana'ata ce. Likita ya dube ni, ya dubi Baba, Baba ya ce, "Ba shi. Ba ya zama, amma ba ya zubarwa." Suka sa robar a tsaye cikin akwatin sanyi, suka ba ni takarda, suka ce kada ta kwanta, kada ta jijjiga.

Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Kowane rami sai na zagaye shi. Wani tsoho a kan keke ya wuce ni, ya waiwayo ya tambaye ni ko mai ne ya ƙare.

Ɗakin gwajin yana hawa na biyu. Sanyi, ƙamshin sabulu, firji uku suna gurnani, da wata na'ura fara mai girman injin wanki. Wadda ta karɓe ni mace ce da ta kusa sa'ar Yaya Minti, da farar riga da tabarau a saman goshi. Ta buɗe akwatin, ba ta ko kalli takardar ba tukuna, ta ɗaga robar sama ta juya ta a gaban fitila.

"Madalla. Sun sa a robar da ta dace."

"Anti, roba ai roba ce."

"Kai ne ɗan mai ruwan?"

"Ni ne autansa."

"To auta, zauna ka ji."

Ban zauna ba, amma na tsaya. Ta ce furotin iri biyu take ƙirgawa. Ɗaya sunansa tawu, shi kan ƙaru a ruwan idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna lalacewa. Ɗayan amiloyid, shi ne ɗan rigima.

"Danƙo ne da shi. In ka zuba ruwan nan a kwalbar gilashi, ko a robar da ba tasa ba, sai ya lafe a jikin bango ya ƙi fitowa. Na'ura ta ƙirga ta ce kaɗan ne, alhali yana nan a manne. Shi ya sa nake fara duba roba kafin in duba sunan mutum."

"Ta yaya na'ura take ganinsa a ruwan da babu komai?"

"Muna da wasu sinadarai, kowanne furotin ɗaya tak ya sani a duniya. Da ya gan shi sai ya cafke, da ya cafke sai ya ba da ɗan haske. Na'ura hasken take aunawa."

"Kamar masu gadi da tocila."

"Kamar masu gadin da ba sa barci," in ji ta. "To shi wannan mai danƙon, abin da mutane ba sa ganewa shi ne, idan ka ga ya..."

Wayata ta yi ƙara. Wani ne yake jiran takardunsa tun safe. Na ce, "Anti, na gode, sai na dawo," na sauka matakala bibbiyu.

Bayan kwana goma, ran Juma'a, suka kira ni in karɓi sakamako in kai wa Likita. Ambulan ne fari a liƙe. Ganin Likita kuwa sai Litinin. Na sa shi a aljihun jaket na kai saƙo biyar da shi, ina jin sa a ƙirjina kamar garwashi. Da yamma na ajiye shi a kan teburin falo, muka zagaye shi mu huɗu.

"Na Likita ne," in ji Yaya.

"Na Likita ne," in ji Umma. Ta ɗauka ta ɗaga shi a hasken taga. "Ba buɗewa za mu yi ba. Leƙawa kawai."

Ni na kawo wuƙa.

Sai an san Umma kafin a gane abin da ya biyo baya. Umma tana da na'urar awon jini da ta awon suga, tana da littafin da take rubuta lambobin kowa, har da na maƙwabta. Baba yana kiranta Likitar Gida. A iliminta duka doka ɗaya ce: abu in ya hau, an shiga uku, in ya sauka, a gode wa Allah.

Layi biyu ne a takardar suka fi ɗaukar ido. Na tawu, lambarsa ƙarama ce, ba ta kai wadda aka rubuta a gefenta ba. Umma ta ce, "Wannan ya sauka, alhamdulillahi." Na amiloyid kuwa dubu ɗaya da ɗari da tamanin. A gefensa an rubuta ɗari shida, da wata alama mai kama da bakin tsuntsu, wadda tun a ajin lissafi ban taɓa riƙe inda take fuskanta ba.

"Sama da ɗari shida ke nan," in ji Yaya. Ya ciro waya ya rubuta sunan furotin ɗin. Ya karanta layin farko a hankali, yadda yake yin komai. "Wai shi ne yake taruwa a ƙwaƙwalwar masu ciwon mantuwa."

"Nawa ne na Malam?" in ji Umma, alhali ta ji.

"Ya kusa ninki biyu."

"Ya hau," in ji ta, ta zauna.

Agogon falo yana ta aikinsa. Baba ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin, ya ajiye shi a tafin hannun Yaya, ya naɗe masa yatsu a kai.

"Na faɗa, na cika. Amma ka ara mini shi gobe. Akwai agogon wani bawan Allah a buɗe a kan teburi, ba zan mayar masa da shi a haka ba."

Yaya bai ji daɗin nasararsa ba. Ya riƙe makullin kamar abin da ya tsinta a hanya.

Da safe na kai Baba shago a kan babur, da kwalaye a ɗaure a baya don mu fara kwashe kaya. Ya buɗe kwaɗo ƙarfe takwas daidai. Na fara da durowar ƙasa, shi kuma ya kunna fitila, ya maƙala madubi, ya ci gaba da warware agogon: tsohon agogon hannu ne da ake wanawa, irin wanda ba ya cin batir. Ya jera haƙoransa a kan farin ƙyalle. Ya ɗauko kwalbarsa ta wanki, ya zuba ɗan fetur, ya tsoma su ɗaya bayan ɗaya da hantsaki yana kaɗawa.

"Sakan."

"Na'am, Baba."

"Ita mai gwajin nan, da ka kai mata ruwana, ba ta ce komai ba?"

"Ta yi maganar roba."

"Wace roba?"

Na ba shi labari yadda na iya tunawa: mai danƙo, bangon kwalba, masu gadi da tocila. Yana saurare yana kaɗa hantsaki. Da na kai inda na ce in ya manne sai na'ura ta ce kaɗan ne, sai hannunsa ya tsaya.

"Maimaita."

"In ya manne a bango, sai a ga kaɗan a ruwan."

"Daga nan ta ce me?"

"Daga nan wayata ta yi ƙara."

Ya ɗago ya kalle ni da ido ɗaya ƙato ta cikin madubi. "Allah ya shirye ka." Ya cire madubin, ya ɗaga kwalbar wankin a gaban fitila. Fetur ɗin ya yi duhu, baƙin tsohon mai yana yawo a ciki. "Zo nan. Me ka gani?"

"Datti."

"Dattin wa?"

"Na agogon."

"Yanzu yana ina, a agogo ko a kwalba?"

"A kwalba."

"To in na tsoma tsohon agogo irin wannan, na kaɗa, na ɗaga na ga ruwan garau, murna zan yi?"

"A'a. Bai wanku ba ke nan. Dattin yana ciki."

"Shekara nawa ka yi a shagon nan?"

"Sati uku."

"Sun yi amfani." Ya ajiye kwalbar a hankali. "Likita ya ce ruwan nan zagaye ƙwaƙwalwa yake yi. Ruwan wanki ne ke nan. Awa ya ce abin a ƙwaƙwalwa yake taruwa. Ita kuma ta ce danƙo ne da shi. To in ya manne a kaina, ta ina zai cika ruwan? Ai wanda nasa ya yi kaɗan a ruwa shi ne abin tausayi. Nawa fitowa yake yi."

Na tsaya da kwali a hannu. Na so in yarda, amma na ji tsoron in yi murna a kan lissafin mutumin da ya ba direba agogon malamar makaranta.

"Baba, kada mu sa rai."

"Ban sa rai ba. Tambaya zan yi. Suna buɗewa ran Asabar?"

"Zuwa sha biyu."

Ya dubi agogunan bango bakwai, ya zaɓi wanda ya yarda da shi. "Ajiye kwalin nan. Kuma yau ba ruwa ka ɗauko ba, mutum ka ɗauko, kana iya sauri."

Mun isa da saura rabin awa. Baba ya hau matakala yana haki, ya gyara hularsa a bakin ƙofa. Mai gwajin ta gane ni, ta dubi ambulan ɗin da ke hannuna a farke, ta sauke tabarau daga goshi zuwa hanci.

"Auta, wa ya buɗe wannan?"

"Leƙawa kawai muka yi."

"Sannu da zuwa, Baba. Ga kujera." Ta juyo gare shi. "Ka yi haƙuri, ni ƙirgawa ce aikina. Fassarar takardarka ta Likita ce, shi ya san sauran abin da ke jikinka."

"Ba takardata na zo tambaya ba, 'yata. Tambayar mai sana'a ce ga mai sana'a." Ya kwashe bayanin kwalbar wanki ya faɗa mata tsaf, bai tsallake komai ba, har da hannu yana kaɗa hantsakin da babu. "To shi mai danƙon nan naku, yawansa a ruwa ne abin tsoro, ko ƙarancinsa?"

Ta kalle shi. Sai ta fara dariya, ta dafa teburi.

"Baba, ɗalibai nake koyarwa a nan, sai na yi musu zane uku kafin su kama wannan. Ƙarancinsa ne. In ya fara taruwa a ƙwaƙwalwa sai ya ragu a ruwa. Lambar da ke gefe, ana so mutum ya wuce ta ne." Ta nuna ni da biro. "Abin da nake cikin faɗa wa wannan ke nan ya bar ni da baki a buɗe."

"Haka ya bar makaranta," in ji Baba.

Ni dai na samu kaina zaune a kan wata kujera mai taya, ban san lokacin da na zauna ba.

"Amma Litinin ku je wurin Likita," in ji ta. "Kada ku ce ni na ce."

"Ba ki ce komai ba. Hira muka yi." Baba ya miƙe, sai idonsa ya faɗa kan agogon da ke saman firji. "Wannan yana baya da minti bakwai."

"Tun da na zo aiki nan haka yake."

"A ɗakin da ake auna abin da ido ba ya gani?" Ya girgiza kai. "Sakan, sauko da shi."

Haka muka koma gida, Baba a bayana rungume da agogon bango, yana rera wata waƙa da ban taɓa jin ya rera ba. Umma ta saurari bayanin har ƙarshe, ta ce ita ba ta taɓa jin ciwon da hawa ne lafiyarsa ba, sai ta ji daga bakin Likita. Yaya ya sake ciro waya, wannan karon ya karanta har layi na shida, sannan ya ce, "To." Ya kira Yaya Minti ya ce ta dakata da kukan tukuna.

Ran Litinin muka cika ofishin Likita mu huɗu. Ya dubi bakin ambulan ɗin, ya dube mu. Ya karanta.

"Labari mai daɗi ne. Amiloyid yana inda ake so, tawu ma haka. Wannan ba ya nuna irin ciwon ɗan'uwanka."

"Likita, amma ya hau," in ji Umma.

"Ya hau, Mama. Wannan ɗin hawansa ake so."

"Ikon Allah. Shekara ashirin ina awo, yau ne abu ya hau na yi murna."

"Sai dai," in ji Likita, "takardar nan ƙofa ɗaya ta rufe. Ba ta ce ba a mantuwa ba. Mantuwar tana nan, gyangyaɗin yana nan, kuma dole akwai dalili. Baba, bari in sake tambaya. Ban da abin da Mama ta kawo, babu wani abu da kake sha? Ko na barci, ko na mura?"

"Magani dai babu."

"Wanda ba magani ba fa?"

Baba ya gyara zama. Ya duba silin. Ya sa hannu a aljihun ciki ya fito da wani ɗan gwangwani, irin wanda yake zuba sifirin a ciki. Na san gwangwanin, na sha ganinsa a durowa ta uku. Ya buɗe: 'yan ƙwayoyi ne ƙanana, rawaya.

"Na mura ne. Bara na sha na ga yana sa barci mai daɗi, sai na ci gaba. Biyu kafin in kwanta. In rana ta yi tsawo, ɗaya bayan azahar."

"Kullum?"

"Ai ba ciwo nake yi ba, shi ya sa ban ƙirga shi a magani ba."

Umma ta juyo gaba ɗayanta a kan kujera. "Malam. Ina auna ka safe da yamma, ina rubutawa, ashe kana da kantin magani a shago?"

"Uwargida, a gaban yara?"

"A gaban Likita ma."

Likita ya karɓi gwangwanin yana danne dariya. Ya ce irin wannan ƙwayar tana iya rikita tunanin mai shekaru in ya daɗe yana sha, ta sa shi barcin rana da mantuwa. Ya ce ba zai rantse ita kaɗai ba ce, amma da ita za a fara. Ya tsara yadda za a janye ta, ya ce mu dawo bayan sati shida a sake tambayoyin nan.

A bakin ƙofar asibiti Yaya Awa ya tsaya. Muka jira shi, don mun saba. Ya laluba aljihu, ya ciro makullin, ya riƙe shi da hannu biyu ya miƙa wa Baba.

"Ka yafe mini, Baba."

"Me ka yi? Kai ka karanta layi ɗaya, wannan ya ji rabin magana, uwarku ta yanke hukunci. Kowa ya yi iya ƙoƙarinsa." Ya kaɗa makullin a sama.

"Zai faɗi," in ji Umma.

Sati biyun farko sun yi wuya. Barci ya ƙi zuwa, Baba ya yi ta faɗa da kowa har da agogunan bango. Daga baya gyangyaɗin rana ya tafi. Da muka koma, cikin kalmomi biyar ya dawo da huɗu, ya ce ta biyar ɗin dama ba kalmar kirki ba ce. Har yanzu yakan nemi madubinsa alhali yana maƙale a idonsa, kuma yanzu kowane agogo da aka kawo sai ya ɗaura masa 'yar takarda da sunan mai shi. Wannan shawarar Yaya ce, Baba yana cewa tasa ce.

Agogon ɗakin gwaji kwana uku ya yi a shago. Ba komai ba ne, tsohon mai ne ya daskare a haƙori ɗaya. Baba ya wanke shi, ya nuna mini kwalbar, ya naɗe agogon a tawul ya ce in kai, kada ya kwanta, kada ya jijjiga.

Na hau kujera na rataye mata shi a saman firji. Ta gwada da na wayarta, ta ce daidai.

"Auta, kana da minti biyar? Akwai wani furotin na uku da muka fara aunawa, in gaya maka ka kai wa Baba, in ji me zai ce."

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Na ciro ta, na kashe, na jawo kujerar nan mai taya.

"Ina ji, Anti. Faro daga farko."